Yawon arba'in ɗinmu a Manchester

Gaskiya jego a ƙasar waje sai mai haƙuri. Asibiti kam sun kula da ni ba laifi, bayan an dawo gida ne ake gane ana nesa. Da a Kano ne ina ɗakin Umma ana ta dafa ruwan wanka safe da yamma, ga kunun kanwa ga gasasshen nama, yarinya sai dai a miƙo min in shayar a karɓe. Nan kuwa daga ni sai maigida, shi ma karatu ya kawo shi ya fita tun safe sai dare. Ungozoma ta zo ta duba mu, daga baya wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta auna yarinya ta rubuta a jan littafin nan da ake ba kowane jariri a Ingila, shi ke nan sai mu da bango.

Muna gama arba'in ƙaramar sallah ta zo, maigida ya ce yau kam sai mun fita. Umma a waya tana ta faɗa wai jaririya ɗanya za ki kai cikin taro da sanyin nan, na ce Umma to wa zan bar wa ita? Ta yi shiru can ta ce to ki tofa mata addu'a ki rufe mata kai da kunnuwa.

Unguwar Rusholme muka nufa, titin Wilmslow da ake ce wa Curry Mile, gidajen abinci ne jere hagu da dama, da can na 'yan Pakistan da Indiya ne yawanci yanzu Larabawa da Kurdawa da 'yan Afganistan duk sun shigo, kuma kusan duk halal ne ba sai ka tsaya tambaya ba. Ranar sallah wurin ba masaka tsinke, samari a motoci da tutoci suna ta ham, mata da lalle, yara da sabbin kaya, wallahi sai da na ji ƙwalla don na tuna ranar hawan Daushe. Keken jariri dai bai yi mana amfani ba, a bas ma wurinsa ɗan kaɗan ne kuma in mai keken guragu ya shigo dole ka naɗe naka, cikin cunkoso kuwa ko taku biyu ba ka yi. Sai na ciro zani da majanyi na goya ta, maigida ya tura keken da jakar famfas a ciki.

Goyon nan shi ya jawo mana mutane. Tun zuwana garin ban taɓa hira da baƙi kamar ranar ba, wata dattijuwa 'yar Somaliya ta tsaya ta gyara min wuyan yarinyar tana min magana da yarensu ina amsawa da Hausa kuma mun fahimci juna sarai. A gidan abincin da muka shiga matar mai wurin ta ba mu tebur na lungu nesa da ƙofa saboda iska, da na ce zan shayar ta ce bismillah, dama dokar ƙasar ta 2010 ta hana a kori mace daga irin wuraren nan don tana shayarwa, na ja mayafi na rufa. Muka ci karahi na rago, wata miyar nama ce ta 'yan Pakistan, da burodinsu da ake ce wa naan, da abinci ya zo ta karɓi yarinyar ta riƙe min har na gama. Tun da na haihu ranar ce na fara cin abinci da zafinsa, da hannu biyu, wannan alherin ba zan manta ba Allah ya saka mata.

Abin da ban so ba hayaƙin shisha a bakin wasu shaguna da ƙarar motoci in dare ya yi, ya yi wa jariri yawa, sai da ta firgita muka tari bas muka koma. Babbar sallah in Allah ya kai mu da la'asar za mu fita mu dawo kafin duhu, kuma keken a gida zai kwana.