Masu Jera Kujeru a Decorah

Ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu, doka ta yarje masa ya yi aiki a cikin makarantarsa, amma kada ya haura awa 20 a mako muddin ana zangon karatu. Wasu kan faɗa kicin, wasu laburare. Ni rabona ya kai ni ɗakin sayar da tikiti da babban zauren taro na kwalejin Luther, a garin Decorah da ke arewa maso gabashin jihar Iowa. Aikin ba shi da wani kwarjini: karɓar tikiti a bakin ƙofa, nuna wa mutum kujerarsa, tura fiyano tsakiyar dandamali, naɗe wayoyin makirufo bayan an watse. Amma ta wannan ƙofa ce na ga yadda ƙaramin gari yake haɗa wa kansa shagalin ƙarshen mako, kuma abin da na tsinta a nan ya fi zauna mini a ka fiye da yawancin abin da na rubuta a jarrabawa.

Ƙidayar 2020 ta ce mutanen Decorah 7,587 ne. Garin yana kwance a kwarin kogin Upper Iowa, duwatsu sun kewaye shi, bayansu kuma gonakin masara da waken soya ne har iya ganinka. Birnin Minneapolis kusan awa uku ne a mota. A watan Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi, sanyi kuma ya yi ta cin ƙarensa babu babbaka har cikin Maris. Wanda ya zauna jiran a kawo masa nishaɗi daga birni, to zai daɗe yana kallon bango. Wannan nisa da wannan dogon hunturu su ne tushen komai. Ba wai mutanen garin sun fi kowa son fasaha ba ne. In ba su yi da kansu ba, babu mai yi musu.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne babu katanga tsakanin mai kallo da mai wasa. Matar da na nuna wa kujera daren Juma'a, ran Asabar da safe sai in tarar da ita a kasuwar manoma tana sayar da zuma, mako biyu bayan haka kuma ga ta a kan dandamalin New Minowa Players, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan gari, ta ci ado tana rera waƙa. Babu wanda sana'arsa ke nan. Malamar firamare ce, ko mai sayar da inshora, ko manomin da ya gama tatsar shanu ya shigo gwajin wasa da ƙarfe bakwai, ya cire takalmin roba a bakin ƙofa. Muryar wani ba ta kai ba, wani kan manta maganarsa ya tsaya yana zare ido, 'yan kallo su yi dariya su tafa masa. Da farko na ɗauka rashin sanin wasa mai kyau ne. Ashe sun sani sarai, domin a zauren kwaleji sukan kalli ƙwararrun da ake gayyatowa daga manyan birane. Tafin nasu na daban ne: kowa a zauren ya san wahalar hawa dandamalin nan, ko dai ya taɓa hawa, ko ɗansa zai hau a wasa na gaba.

Amma babban malamina a Decorah ba mutum ba ne, wata takarda ce. Za ka gan ta a manne jikin allon hannu a bayan coci, a laburaren gari, a kan teburin ofishinmu, an ɗaure mata biro da zare don kada ya yi ƙafa. An ja mata layuka: rana, lokaci, aiki, suna, lambar waya. Abin lura, ba a taɓa rubuta "muna neman masu taimako". Sai dai a rubuta: tsayuwa a ƙofar arewa, biyu zuwa huɗu. Kawo biskit faranti biyu. Jera kujeru kafin shida. Kwashe shara bayan an tashi. An yayyanka aikin ƙanana-ƙanana har ya zama kunya ce mutum ya ce ba shi da lokaci. Shugabar ofishinmu, wata dattijuwa da ta ƙi yarda ko kusa in kira ta da wani laƙabi sai sunanta tsura, ta taɓa ce mini wanda aka ce ya taimaka zai ce to, ya tafi. Wanda aka ba awa biyu da ƙofa ɗaya shi ne zai zo. Aikin gayya ne dai irin wanda muka sani, sai dai nan babu ganga, babu maroƙi mai zuga samari. Takardar ce ke kira, ita ce kuma ke tona asirin wanda bai zo ba, tun da sunansa na nan da rubutun hannunsa.

Wannan takarda ita ke ɗauke da Nordic Fest, bikin da ya fi kowane girma a garin. An fara shi a 1967, ana yin sa a ƙarshen watan Yuli, don tunawa da 'yan ƙasar Norway da suka fara sauka a yankin tun shekarun 1850. A rufe titin Water, a kafa rumfuna, a yi fareti, a yi tsere, a yi gasar jifa da dutse, baƙi su ninka 'yan gari. Mai kallo zai ga tutoci da kayan gargajiya. Ni da na sa suna a takarda, abin da na gani ɗakin ƙasa ne na wata coci, inda tsofaffin mata ke yin lefse, wata siririyar gurasar dankali ta 'yan Norway. A dafa dankalin turawa, a matse shi ya yi laushi, a cuɗa da man shanu, a bar shi ya huce sarai, sannan a zuba fulawa. A murza curin da wani katako mai tsaga-tsaga har ya yi sirantakar da za ka hango zanen ƙyallen da ke ƙasansa, a zura wata doguwar siririyar sanda a ɗago shi, a shimfiɗa kan faranti mai zafi. Da ya fara ɗigo-ɗigon ƙuna sai a juya. Mai murzawa daban, mai juyawa daban, mai ninkewa daban, kuma babu mai shiga aikin wata. Ni aka ba ni ɗaukar tire. Ana shafa wa lefse man shanu a barbaɗa sukari a naɗe, kuma ya zama abincina a bikin, domin tsiran da ake naɗewa a cikinsa sai ka yi tambaya, galibi akwai alade. Shi kuwa lutefisk, busasshen kifin da ake jiƙawa a ruwan toka mai kaifi har ya koma yana rawa a faranti, ana ma gasar cinsa. Allah ya ba masu ci lafiya.

A ɗakin nan na lura da wani abu: kusa da kowace tsohuwa akwai yarinya ko matashiya da ake barin ta ta ɓata curi biyu uku. Ba a hana ta, ba a karɓe sandar. Haka garin yake da komai, ba ya barin sana'a ta mutu a hannun gwaninta. Ƙungiyar rawa ta Nordic Dancers, wadda aka kafa a 1966, tana zaɓen yara tun suna aji uku na firamare, su yi shekara goma tare har su gama sakandare. Ka duba lissafin: iyayen da suka amince sun ɗauki alkawarin shekara goma na kai yaro gwaji da ɗinka masa kaya duk lokacin da ya ƙara tsawo. Gidan tarihin Vesterheim, wanda asalinsa ya faro a kwalejin a 1877, yana da kayayyaki sama da 33,000, amma abin da ya fi burge ni ba na cikin gilashi ba ne. Azuzuwansa ne, inda ake koyar da sassaƙa, da saƙa, da zanen furanni a jikin katako da suke kira rosemaling. Akwatin da wata ta tsallako teku da shi yana sama a ajiye, a aji kuma wani tsohon direba yana koyon jan irin wannan layi da buroshi, hannunsa na karkarwa. Ko a kwalejin ma, Weston Noble ya jagoranci ƙungiyar mawaƙan Nordic Choir daga 1948 har 2005, ɗalibansa kuwa sun bazu a makarantun yankin suna koyar da waƙa. Shi ya sa in aka zo wasannin Kirsimeti a farkon Disamba tikiti ke ƙarewa da wuri, mu kuma a ofis mu sha kiran waya har kunne ya yi zafi.

Ba komai ne ke da tsari mai nauyi haka ba. A ƙauyen Highlandville, can arewa da gari, akwai tsohuwar makaranta da ake rawa a cikinta da bazara, makaɗan Foot-Notes suna goge da ƙaramin molonsu, kaka da jika suna juyi a fili ɗaya. Ko can ɗin ma, wani ne ya buɗe ƙofa, wani ya share daɓen.

Sai maganar kuɗi, wadda na zaci wani hamshaƙi ne ke zubawa. Akwai masu hannu da shuni da ke bayarwa, amma yawanci tsinto-tsinto ne. Dokar Iowa ta ba garuruwa damar ɗora harajin da bai wuce kashi 7 cikin ɗari ba a kan kuɗin ɗakin otal, kuma aƙalla rabinsa dole ya tafi ga harkar shaƙatawa, al'adu ko jawo baƙi. Ke nan baƙon da ya zo biki ya kwana, ya biya wani abu na bikin baɗi bai sani ba. Wanda ya ba ƙungiyar da ba ta neman riba kyauta yana iya samun sassauci a harajinsa. Sai tallan kantuna a bayan ɗan littafin shirin wasa, daga mai gyaran mota har mai shirya jana'iza, sai bajen da ake sayarwa na biki, sai kwandon da ake ajiyewa a bakin ƙofa kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. A taron kwamiti ma'aji kan karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin kofin takarda. Taron yakan gundure ni. Amma ban taɓa jin an tashi ana zargin an ci kuɗi ba.

Sa rana kuwa ilimi ne mai zaman kansa. Ba ka sa wasa daren Juma'a da kaka, domin gari gaba ɗaya yana filin ƙwallon makarantar sakandare yana mara wa ƙungiyar makarantar, Vikings, baya. Yammacin Laraba na coci ne. A Oktoba manoma suna kan injin girbi har dare. Farkon Disamba maza da yawa sun shiga daji farautar barewa. Kafin a buga sanarwa sai an kira wannan an kira wancan, don kada taro biyu su raba mutum ɗari biyun da ake da su. In kuma an rubuta bakwai da rabi, bakwai da rabi fitila ke mutuwa. Wanda ya makara ya tsaya a waje sai an kai gaɓar tafi, ko shi wane ne, kuma ni ne mai tsare ƙofar.

Kada in yi ta yabo kamar an biya ni. Tunawar garin tana da zaɓe. Sunan Decorah kansa na wani shugaban ƙabilar Ho-Chunk ne, 'yan asalin ƙasar kafin zuwan Turawa, haka ma sunan gundumar, Winneshiek, kuma an kwashe mutanen nan daga yankin a 1848, shekara guda kafin Turawan farko su kafa gida a wurin. Labarin waɗanda suka zo yana da fareti da tutoci, har Sarki Harald na Norway ya ziyarci garin a 2011. Labarin waɗanda aka tasa sai ka neme shi. Ga kuma Postville, tafiyar kamar rabin awa, inda 'yan Guwatemala da Meziko da Somaliya suka zo aikin mayanka, garin da jami'an shige da fice suka kama mutum 389 a rana ɗaya a watan Mayun 2008. Su ma suna da kiɗansu da girkinsu, amma ban cika ganin sunayensu a takardun da na riƙe ba. Ba na jin korarsu ake yi. Takardar dai tana rataye ne a inda 'yan gida ke wucewa, kuma mai aikin dare a mayanka ba shi da awa biyun da zai bayar ranar Asabar.

Ɗaya damuwar kowa ya san da ita, ana ma faɗinta a taro: furfura ta yi yawa a cikin masu sa suna. Matasa kan gama makaranta su nufi Minneapolis ko Des Moines ko Shikago, su dawo biki a matsayin baƙi. Don a jawo waɗanda suka rage, ofishinmu ya mayar da rajistar masu aikin sa kai kan intanet, mutum ya zaɓi awarsa ta waya. Ɗalibai da matasan iyaye suka karɓa hannu bibbiyu. Tsofaffin suka ce su dai a bar musu allonsu da bironsu, kuma su ne suka fi zuwa, don haka ba a isa a ɓata musu rai ba. Aka bar duka biyun. Duk ranar Alhamis sai in zauna da takarda a hagu, kwamfuta a dama, ina haɗa sunaye, in na ga mutum biyu sun ɗauki ƙofa ɗaya in ɗaga waya in roƙi ɗaya ya koma jera kujeru.