Godiya bayan kammala taswirar gonakin da ruwa ya ci

Alhamdulillahi. Jiya da la'asar muka miƙa taswira da jerin gonakin shinkafar da ambaliya ta ci, daga fadamar Augie har Argungu. Kun san yadda aka sha, ba sai mun maimaita ba. Ƙafafu sun kumbura, idanu sun yi ja don kallon kwamfuta, amma daren jiya kowa ya kwana a ɗakinsa.

An ce ba a kiran sunan mai alheri, to a yi mana afuwa, sai mun ambaci Kawu mai kwale-kwale. Ga abin da ya yi. A damina gajimare kan rufe sama, hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 ba ya nuna komai sai fari fat. Dole muka koma hoton rada na Sentinel-1, na ƙasashen Turai, wanda ake saukewa kyauta, yana ratsa gajimare dare da rana, kowane ɗigo a hoton mita 10 ne a ƙasa. Ruwa kwantacce yana kautar da siginar da tauraron ke aikowa ƙasa gefe, sai ya fito baƙi. Busasshiyar ƙasa da gidaje suna maido da ita, su fito da haske. Ana ɗauko hoton kafin ambaliya da na bayanta, daga hanya ɗaya ta tauraron, a gwama. Duk inda sabon baƙi ya ɓullo, ruwa ne.

Matsalar ita ce shinkafar da ruwa ya kama amma kanta na waje. Sigina kan bugi ruwa, ta bugi kara, ta koma sama da ƙarfi, sai wurin ya fito da haske kamar tudu. Haka muka buga wani yanki guda a matsayin busasshe. Kawu ya daɗe yana duban takardar, sannan ya ce, "'Ya'yana, nan da kuka ce tudu ne, mu je ku gani." Ya kai mu, ya kafa sandarsa, ruwa har ƙirji. Jikinmu ya yi sanyi. Saura kaɗan mu cire gonakin nan daga jerin tallafi, cikinsu har da na mata masu riƙon marayu. Bai yi mana dariya ba. Ya ƙara nuna wani baƙi ya ce wannan yashi ne, kuma gaskiyarsa, busasshen yashi ma baƙi yake fitowa. Kwana uku ya bi mu muna ɗaukar lambobin wuri, ko kuɗin goro ya ƙi karɓa. Allah Ya biya ka da Aljanna Firdausi, Kawu, Ya raya zuri'arka, Ya sa albarka a komarka.

Masu tambaya ina namu taurarin, ga amsa. NigeriaSat-2 da NigeriaSat-X tun 17 ga Agusta 2011 aka harba su daga Rasha. Na farkon an ƙera shi don shekara 7 ne, kuma dukansu kyamara ke gare su, gajimare na tare su. NigComSat-1R na sadarwa ne, ba ya ɗaukar hoto. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da sababbi guda 4, ɗaya na rada. Muna roƙon Allah Ya nuna mana ranar da hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa, NASRDA, za ta sa shi a sama, domin kowane Sentinel-1 sai bayan kwana 12 yake maimaita hanyarsa, ruwa kuwa kan sauya wuri cikin kwana biyu.

Inna mai fura da ta riƙa aiko mana ƙwarya zuwa bakin gulbi, da yaron da ya bar mana injinsa muka yi ta caji, Allah Ya saka da alheri, Ya buɗa muku ƙofofin arziki. 'Yan'uwa na birni da suka yi alkawarin kuɗin mai, wataƙila wayar ce ba ta shiga, mun gode da niyya. Allah Ya mayar wa manoma da mafi alheri, Ya jiƙan waɗanda ruwa ya tafi da su, Ya ba iyalansu haƙuri.

Wanda bai ga gonarsa a jerin ba, ya sanar da mai unguwarsa kafin Litinin, ya zo da wanda ya san iyakarta.