Ka kashe wayarka da hannunka kafin batir ya kashe ta

Lambar nan ta kashi kaza cikin ɗari da ke saman fuskar waya ba awo ba ne irin na mudu, ƙiyasi ne. Ainihin abin da waya ke lura da shi shi ne ƙarfin wutar batirin. Batirin litiyam yana kai bolt 4.2 zuwa 4.4 idan ya cika, ya yi ta sauka a hankali, idan ya kusanci bolt 3.4 sai waya ta ce sifili ta kashe kanta. Wannan kashewar tana da tsari: waya takan rufe manhajoji, ta ƙarasa rubuta abin da take rubutawa a ma'ajiya, sannan ta mutu.

Matsalar tana wajen tsohon batir. Wanda ya sha caji shekara biyu ko uku ba ya iya bayar da wuta mai yawa a lokaci guda. Waya na nuna kashi 20, ka buɗe kyamara ko kira ya shigo a inda sabis ke da rauni, sai ƙarfin wutar ya faɗo ƙasa da iyaka cikin ƙiftawar ido, fuskar ta yi baƙi ba sallama. Ko manyan wayoyi ba su tsira ba: a 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone don kauce wa irin wannan mutuwar. Sanyi ma yana ƙara tsananta abin, shi ya sa aka fi ganin sa da asubahin hunturu.

Ɓarnar mutuwar farat ɗaya ba a jikin batir ta fi yawa ba, a kan bayanai take. Bidiyo ne kan gaba. Fayil ɗin MP4 sai an danna tsayawa ake rubuta masa jadawalin da ke nuna inda kowane hoto da sauti yake. Idan waya ta mutu ana tsaka da ɗaukar ɗaurin aure, za ka ga fayil ɗin da nauyinsa cif, amma ya ƙi buɗewa. Sai katin memori: tsarin FAT32 da exFAT da ake tsara shi a kai ba ya ajiye bayanin aikin da aka fara ba a gama ba, don haka yankewar wuta a tsakiyar rubutu na iya sa waya ta ce katin ya lalace, a goge shi. Kada ka amsa mata. Cire katin, ka sa a kwamfuta, ka kwashe abin da ya rage tukuna.

Mafi muni shi ne sabunta babbar manhajar waya da batir kaɗan, domin idan wayar ta mutu ana tsaka da aikin, tana iya maƙalewa a kan tambarin kamfani. Kada ka fara sabuntawa sai batir ya haura kashi 50 ko waya na jone da caja. Tura kuɗi kuma, idan waya ta mutu kafin saƙon tabbaci ya fito, kada ka sake turawa da zarar ta kunnu. Duba ragowar kuɗinka, domin sau da yawa na farkon ya riga ya tafi.

Daga kashi 20 ake fara shiri. Kunna tsarin tattalin batir, rage hasken fuska, kashe data da bulutut da nuna wuri. Wayoyin Tecno da Infinix da itel suna da wani tsari mai tsanani da ke barin kira da saƙo da 'yan manhajoji kaɗan, kuma yana jan lokaci sosai. Idan an kai kashi 10 babu alamar wuta, tsayar da duk abin da ake saukewa ko ɗauka, rubuta lambobi biyu ko uku da za ka buƙata a takarda, ka kashe. Batir mai lafiya zai iya jira har kashi 5. Wanda ya saba yaudara, kashe shi tun yana 15 ko 20.

A yawancin wayoyin Android, danne makunnin gefe na daƙiƙa biyu zuwa uku, ka taɓa alamar kashewa. A sababbin Samsung ana haɗa makunnin gefe da na rage murya. A iPhone X da na bayansa, makunnin gefe da ɗaya daga cikin na murya, sai a ja alamar da ta fito. Jira har fuska ta yi baƙi gaba ɗaya kafin ka zare kati ko batir. Danne makunni na daƙiƙa goma don tilasta wa waya mutuwa na ranar da ta daskare ne kawai. Wajen bayanai, bai da maraba da yanke wuta.

Ka tabbata kana tune da lambar sirrin buɗe waya, domin bayan kunnawa yatsa ko fuska ba sa aiki a karon farko. Idan layinka na da PIN, kuskure uku zai kai ka ga neman PUK, wato lambar buɗe layin da ya kulle.

Akwai wata ɗabi'a da ke cinye ɗan abin da aka adana: kunnawa a leƙa saƙo, a kashe, bayan minti ashirin a sake. Tashin waya yana daga cikin ayyukan da suka fi jan wuta, domin komai yana farkawa lokaci guda ga neman sabis. Idan jiran awa ɗaya ko biyu ne, tsarin jirgin sama ya fi. Kashewa ta dogon jira ce, kamar kwana ko doguwar tafiya.

Wayar da ta mutu da sifili kuma ba a jefa ta a durowa. Ko a kashe take batir yana tsiyayewa a hankali, zafi kuma na hanzarta hakan. Apple ya sa iyakar zafin aiki a digiri 35, alhali watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri yana haura 40. Idan ƙarfin wutar ya gangara wajen bolt 2.5, ɗan allon kariya da ke jikin batir yakan rufe shi, kuma daga nan cikin batirin kan fara lalacewa. Wayar da za a ajiye ta wata da watanni, a bar ta da kashi 50, a kashe, a sa a inuwa, a ƙara mata caji duk wata shida.

Idan ta riga ta mutu murus, jona ta da caja mai kyau ka ƙyale ta minti 30, ko da ba ta nuna komai ba. A wannan matakin wuta kaɗan-kaɗan take karɓa da gangan har batirin ya farfaɗo, kuma yawan danna makunni yana mayar da hannun agogo baya. In awa guda ta wuce shiru, canja igiyar caji da kan caja, ka duba ko ƙura ta toshe bakin caji. Amma idan ka ga murfin baya ya ɗaga ko fuska ta fara ɓallewa daga gefe, batirin ya kumbura: kada a jona shi, kada a matsa shi, a kai wa mai gyara ya canja.