Aikin rainon karnuka a Ingila, watan samu da watan shiru

Tun Yunin 2022 nake rainon karnukan mutane a Manchesta, kuma yanzu shi ne sana'ata gaba ɗaya ba wai na gefe ba. Na san wani zai ce kare kuma? Eh kare. Ni ɗan Jos ne, da karnukan gadi na tashi a gidanmu, kuma sai da na tambayi malami kafin na fara ya ce min a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, duk da haka kayan aikina daban na sallah daban.

Abin da ya yaudare ni shi ne lokacin da na shigo. Makarantun nan suna tafiya dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, kusan sati shida, iyalai su kwashi yara su tafi Sifaniya ko Girka ko Turkiyya, kare kuma dole a bar shi da wani. Wallahi waya ba ta shiru, in fita daga wannan gida da safe in shiga wancan da yamma, har mutane nake mayarwa saboda ba rana. Ga shi a Yulin ne zafi ya kai digiri 40 a Ingila karon farko, sai da asuba nake fita da su ko bayan faɗuwar rana, in ɗora bayan hannuna a kan kwalta in ji ko za ta ƙona musu ƙafa, don su ba takalmi gare su ba. Da na ga kuɗin Agusta sai na ce shikenan na samu hanya, na ajiye aikin sito da nake yi.

Satumba na shiga aka koma makaranta, sai tsit. Da farko na zaci wani laifi na yi, har na riƙa duba abin da kwastomomi suka rubuta a kaina ko akwai mai ƙorafi, ashe ba kowa ke tafiya ba ne kawai. Ɗan hutun sati guda na ƙarshen Oktoba ya ɗan farfaɗo da ni, sai daren 5 ga Nuwamba da suke wasan tartsatsin wuta, karnuka na tsoron ƙarar nan sosai, akwai wata dattijuwa da ta kira ni in zauna da nata don ita tana asibiti, tun magariba yake rawar jiki a ƙarƙashin tebur, na rufe labule na kunna talabijin na zauna a ƙasa kusa da shi har tsakar dare. Wannan daren ya tsaya min a rai.

Kirsimeti kuwa kaka ce ta biyu, kuma ni tana min daɗi tunda ba bikina ba ne, ranar 25 da yawancin masu wannan aikin ke son zama da iyalinsu ni ina nan, kuma ana ƙara kuɗi. Sai dai ido a buɗe, gidajen cike suke da cakulan da kek mai busasshen inabi, dukansu guba ne ga kare.

Janairu ne mai wuyar. Kowa ya kashe kuɗinsa a Disamba, ba mai zuwa ko'ina, duhu tun ƙarfe huɗu na yamma, kuɗin ɗumama ɗaki na hawa, ga haya ba ta san wani wata ba. Janairun farko na ci ɗan abin da ya rage na lallaɓa. Na biyun ne ya kusa kayar da ni, saboda mai aikin kansa a nan yana biyan haraji kafin 31 ga Janairu, kuma in harajin ya wuce fam 1,000 sai an haɗa maka da rabin na shekara mai zuwa, ni kuma ban ware ko sisi ba, kuɗin bazara duk na aika gida ana gini. Sai da na ci bashi wajen wani ɗan uwa a Landan, abin da ban taɓa yi ba tun zuwana.

Daga nan na canza tsari. Na gane masu tafiya hutu suna kawo kuɗi mai kauri amma sau uku ko huɗu a shekara, masu riƙe mutum su ne ma'aikatan da ke fita tun safe, nas-nas da malaman makaranta da masu zuwa ofis, karensu na buƙatar yawo da rana ko ana ruwa ko ana sanyi. Kuɗinsu kaɗan ne amma kowane sati yana shigowa. Yanzu ina da irinsu biyar, kuma ko a tsakiyar Agusta ba na yar da su don wani ya zo da babban tayi, na taɓa yi sau ɗaya na rasa wata mata da nake wa aiki wata takwas, har yau ina jin haushin kaina.

Duk kuɗin da ya shigo kuma ina cire kashi ɗaya cikin uku in zuba a wani akawun da ba na taɓawa, rumbu nake ce masa. Ziyarar gida ma na mayar da ita ƙarshen Janairu, lokacin da ba abin da zan rasa kuma tikitin jirgi ya sauko. Abin da ya rage min shi ne lasisin ƙaramar hukuma, don tun 2018 sai da shi ake karɓar karnukan mutane su kwana a gidanka, ni har yanzu gidajensu nake zuwa, kare ɗaya ko biyu a dare, in na samu gida mai fili a baya zan nema kafin Yuli in Allah ya yarda.