Makulli a tafin Baba

Yau na raka Baba asibiti daga Agege, wata uku ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ni duk hankalina yana kan ƙarfi, yaushe zai ɗaga hannun hagu, yaushe zai taka.

Likitar gashi, wato mai motsa gaɓoɓi, ta ce ya rufe ido. Ta shafa masa auduga a bayan hannu. "Baba, ina na taɓa?" Shiru. Ta ɗora masa makulli a tafin hagu, ta naɗe masa yatsun a kai, ya ce ko cokali ne. Mutumin da ya shekara talatin yana buɗe shago a Mile 12! Da ta mayar hannun dama, nan take ya gane. Ta kuma gwada tsini biyu a kan yatsa. Ta ce mai lafiya yana bambance su ko da tazarar milimita 5 ce, shi kuwa guda yake ji.

Ashe fatar lafiyarta ƙalau. Jijiyar jini ce ta toshe a ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, wanda ke karɓar saƙon hagu.

Sai na tuna ranar da shayi ya zubo masa a hannu bai ce uffan ba, muka ce Baba akwai dauriya. Wallahi kunya ta kama ni.

Ta rubuta komai, za a sake aunawa bayan mako huɗu. Ruwan alwalarsa kam yanzu sai na tsoma hannu tukuna.