Ina datar nan take tafiya ne?

Watan da ya wuce na sayi giga 5 na wata guda, kwana 11 kawai sai ga saƙo wai saura mega 100. Raina ya ɓaci sosai, na ɗauka kamfanin layin ne ke zuƙe min, har na fara tunanin canza sim. Wani abokina ne ya ce min, "Kai dai shiga saitin ka duba abin da kowace manhaja ta ci tukunna." Da na duba sai jikina ya yi sanyi, wata manhajar ajiye hotuna ita kaɗai ta ci fiye da giga 1, tana ta loda bidiyoyina cikin dare ina barci, kuma ni na ba ta izini tun ranar da na sa ta.

Akwai maganar da nake yawan ji, wai 4G ta fi 3G shan data. Shafi ɗaya ko hoto ɗaya nauyinsa ɗaya ne ko ta wace hanya ya zo, amma fa manhajojin bidiyo da sun ga netwok na gudu sai su ɗaga kyan hoton da kansu ba tare da sun tambaye ka ba, to nan ne datar ke zubewa. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya a HD na iya cin giga 3, a mafi ƙarancin inganci kuwa mega 300 ne. Ninki goma kenan, a ɗan allon da bai wuce tafin hannu ba! Ni tun daga nan na mayar da YouTube ɗina 480p kuma wallahi ido bai rasa komai ba.

Sai lissafin gudu. Mbps da ake tallatawa megabit ne a duk daƙiƙa, bit 8 ke yin bait ɗaya, wato in layinka na ba da 8Mbps kana sauke megabait 1 duk daƙiƙa, giga guda zai iya ƙarewa a wajen minti 17.

Kafin ma a kai nan sai wayar ta dace da layin. An fara 4G a Stockholm da Oslo a 2009, 5G ta bazu daga 2019, amma in tsohon sim ne a wayarka, ko wayar ba ta kama zangon da kamfanin ke watsawa, ko APN ɗin, wato saitin da ke haɗa wayar da intanet ɗin kamfanin, ba daidai ba, to E ko H, alamar 2G ko 3G, za ka yi ta gani a saman allo komai girman datar da ka saya.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ma karanta sharaɗin tsarin. Yaushe zai ƙare, ragowar tana bin ka zuwa wata na gaba ko ta tafi, in ta ƙare za a koma cirar kuɗin katinka ne, ana barin hotsifot? Har wanda ake kira mara iyaka, sau da yawa akwai gejin da in ka kai sai a rage maka gudu.

Android na da Data Saver tun 2016, iPhone na da Low Data Mode tun 2019, duka biyun saitin rage shan data ne. Na kunna nawa, na hana sabunta manhajoji sai a wayfay, na kashe saukar bidiyo kai tsaye a guruf-guruf. Yau kwana 19 da sabuwar datar, saura giga 2 da ɗan kai.