Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Ranar da hunturu ya fasa mana tukwane

Salam jama'a, afuwan na makara satin nan, hannuna ne duk ya yi kaushi saboda yumɓu, taɓa waya ma da ƙyar.

To a inda muka tsaya, saura kwana 12 baje kolin makaranta, 'yan ajina su goma sha ɗaya kowacce ta gina abinta, mai kaskon turaren wuta, mai asusu, mai tandar waina, ita kuwa autar ajin ta kafe sai tulu za ta yi wai irin na kakarta. Ranar Alhamis muka jera su a baranda, ni da kaina na ce a bar su su sha iska. Kuskurena kenan. Na manta cikin hunturu muke, iskar Kano ta Disamba ba ta da tausayi, baki ya bushe ƙayau gindi na nan da danshi, sai tsagewa. Ran Litinin da na shigo guda bakwai sun dare, tulun auta tun daga wuya har ciki.

Kuka ta sa min, "Malama shikenan Baba ya yi gaskiya, dama ya ce wasa da taɓo kawai nake." Abin ya sosa min rai. Na buɗe jaka na zaro Murtala ɗaya na ce juya bayanta, wa kika gani? Ladi Kwali ce zaune tana ginin tukunya, matar da ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, aka kai tukwanenta har Landan. Na ce kai wa Baba ashirin ɗin nan, ki ce inji ni da girmamawa.

Daga nan muka koma aiki. Wata tsohuwa mai sayar da randuna ita ta taɓa koya min, ta ce 'yar nan yumɓu zalla gardama gare shi, sai an daka tsingaro an tankaɗe an haɗa. Haka muka yi, turmi muka aro a gidan maigadi, yara suna daka suna waƙa kamar gidan biki. Muka kwaɓa muka murje sosai don kar iska ta ɓuya a ciki, in kuma danshi ya rage, a wuta za ki ji tau! tukunya ta tarwatse har ta ja wa maƙwabtanta. Wannan karon ɗaki muka sa su, muka lulluɓe da leda, kullum a ɗan buɗe kaɗan. Da suka fara tauri muka goge su da dutse mai santsi har suna sheƙi.

Matsalar, saura kwana huɗu, kuma murhun lantarkin namu wuta ba ta zama balle ya yi zafi. Jiya na yi cinikin karan dawa da itace, a fili za mu gasa irin na iyayenmu, shugabar makaranta dai har yanzu ba ta sani ba. Sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.